Zuwa ga ɗana mai gita, daga Ƙonni

Birnin Ƙonni

Ɗana,

Ya karatu, ya zafin Yamai? Mu nan sai godiya. Innarka ta samu sauƙin ƙafar nan, har ta koma zuwa kasuwa da kanta. Kakarka tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko ba a dafa abinci a jami'ar taku, don hoton da ka aiko duk wuya ne da kunnuwa.

Kiɗan naku ya iso. Ƙanwarka ce ta kawo mini shi a salularta bayan isha'i, ta tsaya a kaina sai da na ji shi har ƙarshe. Washegari na kai shi fada, muka sake ji da sauran tsofaffin da muka yi orkes tare a gidan samariya zamanin Kunce. Ka ce in gaya maka gaskiya, kada in duba cewa kai ɗan ƙanwata ne. To, yatsu dai kana da su. Ni da na rataya gita tun kafin a kai uwarka ɗaki ban taɓa samun saurin nan naka ba, kuma yanzu ai sai dai labari. Abin da ya hana ni sakin baki in yaba shi ne ku huɗu ne a wurin, amma mutum ɗaya nake ji, sauran ukun suna biye da shi suna haki.

Akwai wani wuri wajen tsakiya da nake so ka koma ka saurara. Mai bas ɗinku ya sauya tafiya, ya sauka ƙasa ya kama wani ɗan zagaye mai daɗi, ya maimaita shi yana jiran wani ya amsa masa. Mai ganguna ya ji, ya sassauta hannu ya buɗe masa fili. Kai kuwa ka zo da gudu ka bi ta kansu duka. Yaron ya haƙura ya koma inda yake. Wurin nan bai kai rabin minti ba, kuma duk cikin abin da kuka kaɗa babu inda ya kai shi kyau.

Na san wanda kake kallo. Duk yaron da ya ɗauki gita a jihar Tawa yau Mdou Moctar yake so ya zama, kuma ban ga laifinku ba. Ɗan jiharmu ne, daga can arewa wajen Abalak da Cintabaradan, bahago, wanda ya harhaɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke saboda gidansu ba su yarda da kiɗa ba. Faifansa na farko, Anar, nan kusa da mu aka ɗauke shi, a Sakkwato, a 2008, da injin kiɗa da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Daga salula zuwa salula waƙoƙin suka yi ta yawo, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a katin wayar mutane ya sa ta cikin wani faifai da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar. Yau ga shi yana cika manyan ɗakunan wasa a Turai da Amurka. Labari ne mai daɗi, kuma ku samari rabinsa kawai kuke ɗauka.

Ga ɗaya rabin. A faifan Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 mutum huɗu ne: shi, da Ahmoudou Madassane a gita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke, a bas. In ka sake buɗe bidiyon wasansu, ka ɗora babban yatsanka a kan Mdou ka rufe shi, ka zuba wa hannun Ahmoudou ido. Hannun nan sama da ƙasa kawai yake yi, abu guda, minti goma, ba ya gajiya, ba ya ƙosawa, ba ya cewa bari ni ma in nuna musu na iya. Sannan ka saurari waƙar Afrique Victime ɗin kanta, yadda take farawa da tafiyar ƙasaita ta ƙare da sukuwa. Ka nuna mini daidai inda suka ƙara gudu in ka iya. Ba za ka iya ba, domin su huɗun tare suke ƙara wutar, kaɗan-kaɗan, kowa kunnensa na kan ɗan'uwansa. Mdou yana iya tashi sama ya yi ta shawagi ne don ya san in ya sauko zai tarar da ƙasa inda ya bar ta. Ka ga da juyin mulkin Yulin 2023 ya rutsa da su a Amurka, hanyar gida ta toshe, zama suka yi a ɗaki ɗaya suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice da gitocin da ba na lantarki ba, abin da ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice. An cire ƙara, an cire tsawa, waƙoƙin suna nan tsaye da ƙafafunsu.

Kuma ba a ɗakin ɗaukar murya suka koyi haka ba. A gidajen biki suka koya, cikin ƙura, inda ake fara kiɗa ba a san lokacin tashi ba. Cikin faifai biyu da suka fitar a 2022 da sunan Nijar har akwai abin da aka ɗauka a wuraren biki da wajen gwaji. Ka neme su. Za ka ji hayaniyar mutane da lasifika mai shaƙewa, za ka kuma ji yadda waƙa ɗaya take miƙewa saboda masu rawa ba su gama da ita ba.

Ni abin da ke ba ni dariya shi ne yadda kuke ɗaukar wannan sakin kiɗa ya tafi inda ya ga dama a matsayin sabon abu da gita ta kawo. Alhaji Mamman Shata, Allah ya ji ƙansa, ya rasu a 1999, ya shekara fiye da hamsin yana wannan aikin. A tsaye yake ƙera waƙa, a gaban mai ita. Ya hango wani ya shigo fili, nan take ya saƙa shi ciki, da garinsu da sana'arsa da abin da ya taɓa ba shi. Bakandamiya ma ba sau ɗaya aka ɗauke ta ba, kuma kowace ɗauka da irin ɗiyan da ya zuba mata. Mutane suna cewa baiwa ce, kuma baiwar ce. Sai dai ka tambayi kanka, sa'ad da yake laluben baiti na gaba a cikin kansa, wa ke riƙe da waƙar? Masu kalangun nan ne da ke bayansa, su ne kuma ƴan amshi. Gindin waƙa yana bakinsu, bugu yana hannunsu. In ya ja dogon ɗa su jira shi, in ya yanke a gajarce su cafe, in ya tsaya shan iska su yi ta juya amshi har ya dawo, ba wanda zai ce an samu giɓi. Sunayensu ba su dami yawancin masu saurare ba. Amma cire su ka gani, sai ka ji wani dattijo yana ta magana shi kaɗai.

Na Musa Ɗanƙwairo kuma wani fanni ne. Shi makaɗin fada ne, da kotso, kuma a wajensa ƴan amshi ba maimaita gindi kawai suke yi ba. Yakan ɗauko magana ya sake ta a rabi, su karɓe su ƙarasa, har su yi ƙari, muryoyi suna hawa kan juna ba tare da wani ya taka wani ba. Wannan ba ya samuwa sai an zauna tare shekara da shekaru, an san numfashin juna. Mu nan Ƙonni da rediyon Sakkwato muka tashi, waɗannan muryoyin su ne karatunmu na farko tun ba mu san akwai wani abu wai shi gita ba.

Ko filin kokowa ka duba. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975 ba a taɓa kaɗa wa ƴan kokowa da agogo ba. Makaɗi idonsa na kan ƙafafun mutum biyu. Suna zagayen juna yana jan kiɗa, sun sarƙe ya matsa, an kai wani ƙasa ya juya zuwa taken wanda ya yi kaye tun ƙura ba ta kwanta ba. Haka masu goge da ke kaɗa wa ƴan bori, waɗanda har yau ba a rasa su a ƙasar Ƙonni da Adar. Ba cewa na yi ka je can ba, kada innarka ta ji ta ce na lalata mata ɗa. Ina nufin aikin hannun kawai: tsirkiya ɗaya ta izgar doki, da masu ƙwarya a gefe, kowane iska da takensa, kuma mai gogen ba shi ke yanke tsawon kiɗa ba. Wanda ke tsakiyar fili yake karantawa. Masu ƙwarya kuwa in suka yi sakaci da bugu ɗaya, duk abin da aka gina ya rushe.

Ka tuna lugude a tsakar gidan kakarka? Mata uku a turmi ɗaya. Wadda za ta yi mama, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, ita ake kallo, ita ake yi wa guɗa. Amma ba ta isa ta saki taɓaryar ba sai ta tabbata sauran biyun ba za su kuskure ba, kuma ita ma in ta dawo a makare ko da ƙiftawar ido ne, taɓare su haɗu, wata ta tafi da fasasshen haɓa. Solo ɗinka mama ce. A abin da ka aiko mini, ka cilla taɓarya ka manta akwai turmi.

Bari in ba ka labarin wani biki da na je bana a wani ƙauye tsakanin Malbaza da Galmi, bayan an kwashe albasa, lokacin da kuɗi ke hannun manoma kuma kowane mako sai ka ji guɗa ta wani gefe. Angon ɗan wani tsohon ɗalibina ne. Ya yi zaman neman kuɗi a Agadas, can ya saba da kiɗan gitar Abzinawa, sai ya ɗauko wasu samari huɗu daga arewa da rawunansu da ampili biyu da suka sha duniya. Dangin amarya suka ce su ba su san wannan ba, suka kira tsohon mai kalangun garin, wanda ya kaɗa wa iyayen amaryar ma a nasu bikin. Da farko kowa da kusurwarsa, ana kallon hadarin kaji.

Samarin suka fara bayan isha'i. Abin da na fara lura da shi, jagoransu ya daɗe bai yi wani abin a zo a gani ba. Babban yatsansa yana kan tsirkiyar sama yana ba da amo ɗaya, sauran yatsun suna ɗan taɓa nan su taɓa can, idonsa kuma yana kan fili. Yara ne suka fara shiga, sannan ƴanmata, manyan mata suna tsaye a baya da mayafansu suna auna abin. Bai ƙara wuta ba sai da ya ga kafaɗun na bayan nan sun fara motsi. Can sai tsohon ya taso daga inda yake zaune, kalangu a hammata, ya zo ya tsaya kusa da mai ganguna. Bai buga ba. Ya sunkuyar da kai yana saurare har sai da ya gano inda bugun yake da rami, sannan ya fara zuba nasa a cikin ramin. Mai gangunan, yaro ne da bai wuce sa'arka ba, ya waiwayo ya yi murmushi ya rage hannunsa na dama don ya bar wa tsohon wuri.

Daga nan abin ya zama zance. Ka san kalangu magana yake yi, matse tsirkiyoyi da saki shi ke ba da hawa da saukar murya, duk Bahaushe yana jin abin da ake faɗa. Tsohon ya buga kirarin gidan su amarya, mata suka ɗauki guɗa. Jagoran gitar ba ya jin Hausa sosai, amma kunnensa ya kama karin, sai ya mayar masa da shi a kan gita, daidai, har da ɗan jan da tsohon ya yi a ƙarshe. Filin ya rikice. Tsohon ya sake jefa masa wani mai wuya, ya mayar. Ya jefa na uku, yaron ya kuskure, tsohon ya girgiza kai ya maimaita masa a hankali, jama'a suna dariya, har ya kama. Babu wanda ya shirya wannan, mutanen nan ba su taɓa ganin juna ba kafin la'asar ɗin ranar.

Ana tsakiyar haka gurup, injin da ke ba da wuta, ya mutu, mai ya ƙare. Fitilu suka ɗauke, ampili suka yi tsit. Da ku ne, na san tsayawa za ku yi ku fara haska salula kuna neman mai laifi. Su kuwa mai ganguna da tsohon ba su ko ɗaga kai ba, mata suka cike wurin gita da tafi. Ni ina zaune kusa, sai na hangi mai gita ta biyu cikin hasken wata yana ta kaɗa gitar da ba ta fitar da sauti, hannunsa sama da ƙasa, ba wanda ke jin sa sai shi. Aka aiki yaro da babur ya sayo man kwalba a bakin titi, aka zuba, aka ja igiya. Wuta tana dawowa sautinsa ya faɗo daidai kan bugu, ko gashi bai kauce ba. Tsofaffin da ke gefena ba su san gita ba, amma sun san abin da suka gani. Ɗayansu ya tashi ya ratsa fili ya wuce jagoran, ya manna wa yaron nan jikka a goshi.

Ka rubuto cewa wani abokinka ya nuna maka turawan da ke kaɗa waƙa ɗaya rabin awa, ba sa maimaita wasan jiya, wai irin wannan ƴancin kuke nema. Na san labarinsu. Uban tafiyarsu wata ƙungiya ce ta Amurka, Grateful Dead, da ta yi aiki daga 1965 har zuwa 1995 da jagoranta Jerry Garcia ya mutu. Sun yi wasa fiye da sau 2,000, kowane dare da jerin waƙoƙinsa, har suka bar masoyansu suna ɗaukar wasan a kaset suna musaya, kamar yadda ake yi da salula a nan. A 1978 sun je Masar sun kaɗa a gindin dalar Giza. To ka gaya wa abokin naka, mafi yawan shekarunsu masu ganguna biyu suke ajewa a baya, kuma ɗayansu, Mickey Hart, ya yi ta bin makaɗan Afirka yana aiki da su, irin su Babatunde Olatunji da Sikiru Adepoju, Bayarabe mai buga ɗan'uwan kalangunmu. Fela ma da yake jan waƙa ɗaya ta cinye fuskar faifai guda a Legas, kowa ya san Tony Allen ne ke zaune a kan ganguna yana ɗauke da gidan. Duk inda ka ga an saki kiɗa ya yi nisa, ka leƙa baya, akwai wanda ya hana kansa sakewa.

Ban ce komai na zamani banza ne ba. Anar ɗin da na ambata da inji aka yi shi, kuma yana da daɗinsa. Yaran da ke haɗa kiɗa a kwamfuta a Kano da Maraɗi suna da kunne, wasunsu ƙwarai. Abin da ke ci mini rai shi ne a kira mawaƙi biki, a biya shi, ya zo ya soka filashi ya riƙe makirfo yana motsa baki. Filashi ba ya ganin gwaggon amarya ta shigo fili. Minti biyar aka ɗauka, minti biyar zai yi, ko ana rawa ko ana jana'iza. Yanzu a Ƙonni bukukuwa da yawa haka ake yin su, don ya fi araha, kuma yara suna tasowa ba su taɓa ganin kiɗa ya juya saboda su ba. Wannan ya sa da na ji kun haɗu ku huɗu da kayan kiɗa na gaske na yi murna, shi ya sa kuma nake matsa maka.

Kana Yamai, makaranta tana bakin ƙofarka. In ka ji Tal National za su yi wasa, ka bar abin da kake yi ka je. Ƙungiyar Almeida ce, Hamadal Issoufou Moumine, kuma an san su da kaɗa awa biyar a dare, dare biyar a mako. Suna da makaɗa fiye da waɗanda ke hawa dandali lokaci guda, wani ya gaji ya sauka wani ya karɓa, kiɗa bai tsaya ba. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, da kalangu a tsakiyar gitoci, kuma faifansu Kaani na 2013 ya kai su ƙasashen waje. Na taɓa ganin su da na je karɓar takardun ritaya. Kiɗansu yana da lanƙwasa da yawa, sukan karya bugu su shiga wani ba zato, ka rasa wa ya ba da umarni. Sai da na matsa kusa na gane da ido suke magana, da ɗaga wuyan gita, da wani ɗan bugu biyu da mai ganguna ke yi kafin a juya. Kada ka tsaya a gaba inda ake rawa. Ka raɓe a gefen dandali inda za ka ga fuskokinsu. Ka kuma leƙa cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, akwai kayan kiɗan gargajiya da aka tara a can, da mutanen da suka san yadda ake taɓa su.

Ga abin da nake so ka yi, in ka yarda da kawunka. Ka ba abokinka solo na wata guda, kai ka koma gita ta biyu. Za ka ji haushi, hannunka zai yi ta ƙaiƙayi. Ka daure. A nan ne za ka fara jin bas da ganguna, don ba ka da abin yi sai jin su. Ni duk zamana a orkes a wannan kujerar na yi shi, ba a taɓa yi mini guɗa ba, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni aka fasa wasa. Ku kuma zauna ku yi yarjejeniya a kan alamu: me ke nufin a sauka, me ke nufin a ƙara wuta, me ke nufin saura zagaye ɗaya a tsaya. Tsayawa tare ta fi farawa tare wuya, kuma a nan ake gane ƙungiya. A naku, kowa ya tsaya lokacin da Allah ya nufe shi. Ka rage ƙarar ampilinka har sai kana jin mai bas ba tare da ka karkata kai ba, ka kuma ce masa ya dawo da zagayen nan da ka tattake, ku gina waƙa guda a kansa. Ka gyara tsirkiyoyinka tsakanin waƙa da waƙa, zafin ƙasarmu yana sa su saki, kuma tsirkiyarka ta biyu a sake take tun daga farkon abin da ka aiko.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta kashe orkes ɗinmu, ba rashin iyawa ba. Liƙi a goshin mai solo da mai waƙa yake sauka, amma na kowa ne. Ku sa yaro ɗaya amintacce ya tattara, a ƙirga a gaban kowa, a cire na gyaran kaya da na mota, a raba saura daidai. Ranar da ka fara ganin kai ne ake zuwa kallo don haka kasonka ya fi, ka fara neman sabon mai ganguna. Kuma in kun zo nan ku tuna rabin abin da za a watsa muku naira ce, sai an bi ta wajen ƴan canji kafin a san abin da aka samu.

Na yi magana da babanka kamar yadda ka roƙa. Na same shi a shago bayan la'asar. Ka san shi, ya bar ni na gama tsaf sannan ya ce, “Mu ba mu gadi roƙo ba.” Na ce masa ba wanda ya ce yaron zai bi masu kuɗi yana yi musu kirari. Ya ce duk kiɗa kiɗa ne. Sai na kawo masa zancen Almeida, na ce mutumin alƙali ne, da rana yana shari'a da dare yana kaɗa gita. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, “Alƙali na gaske?” Na ce na gaske. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To shi gama lakkwal tukuna, shi zama alƙalin, mu gani.” Bai ce ya yarda ba, amma bai ce a karya gitar ba, kuma a wajen babanka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada ka ba ni kunya a jarrabawa. Kuma kada ya ji an ce an gan ka inda ake shaye-shaye, don ranar ba ni da bakin kare ka, ba kuma zan nema ba.

An sa bikin ƴar gwaggonka bayan Babbar Salla. Na shawo kan uwar amarya ta ba ku daren kamu, da sharaɗin ku tashi kafin sha biyu saboda maƙwabta. Na kuma aika wa tsohon mai kalangun nan na wajen Malbaza, ya ce in an biya masa kuɗin mota zai zo. Ku iso da kwana biyu a hannu don ku zauna da shi tukuna, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku bar shi ya fara bugawa ku bi. Gurup za mu ara, kuma wannan karon ni da kaina zan riƙe jarkar mai. Ku shigo motar safe, hanyar Doso da Dogon Dutsi doguwa ce, ba na so ku yi dare da kaya a kanta. Ku naɗe ampili da bargo. Ka sayo tsirkiyoyi na ajiya a can, ka ƙaro mini saiti ɗaya, tawa gitar tana rataye da guda huɗu tun bara, zan ba ka kuɗin in ka zo.

Ka gaida abokan naka, da maigidan da kuke haya a wajensa. Innarka ta ce za ta ba direba kilishi da ƙuli-ƙuli ya kawo maka ranar Juma'a, ka je tasha da wuri. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar karatu.

Kawunka